Bikin 4 ga Yuli a ƙauyukan Amurka na dā: mene ne wannan ɗaga kofi sau 13?

Abban Khadija, Gwammaja

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina cikin kwamitin ƙungiyar ci gaban unguwarmu, kuma ni aka ɗora wa nauyin tsara abin da za mu yi ranar 1 ga Oktoba mai zuwa. Abin yana damuna ƙwarai. Lokacin da muke firamare, tun saura mako guda ake fara koya mana maci, a wanke inifom a goge shi da dutsen guga na gawayi, a kai mu fili a raba mana 'yar tuta. Yau ranar ta koma ranar wanki da ramuwar barci. In ka ji jawabin shugaban ƙasa a rediyo da safe, shi ke nan an gama.

Ƙanena da ke karatu a Amurka ya turo mini hoton wani shafi na tsohuwar jarida, ta farkon shekarun 1800, mai ɗauke da labarin bikin ranar 'yancinsu a wani ɗan ƙauye. Abin da ya ɗaure mini kai, fiye da rabin labarin jerin jimloli ne masu lamba daga 1 zuwa 13, kowace a ƙarshenta an rubuta harbi kaza, shewa kaza. Ya ce mini kalmomin da ake faɗa ne idan za a ɗaga kofi a wurin walima. To me zai sa jarida ta ba da shafi guda ga maganar da mutane suka yi a bakin tebur? Wa yake tsara su? Kuma akwai abin da za mu ɗauka a ciki, mu da ba ruwanmu da abin da ke cikin kofin? Masana tarihi a taimaka.

Malam Na-Mazugal

Wa alaikumus salam, Abban Khadija. Ka sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi, don tarihi na koyar a sakandare har na yi ritaya, kuma wannan babin yana cikin waɗanda nake jin daɗin karantawa. Ka yi haƙuri da tsawon amsar.

Fara riƙe wannan. A ƙidayar farko da Amurka ta yi a 1790, mutanenta ba su cika miliyan 4 ba, kuma cikin kowane mutum 100, kusan 95 a karkara suke zaune. Manoma ne, gidajensu a warwatse, wani sai ya yi tafiyar rabin yini a kan doki kafin ya isa garin da kotu take. Ba rediyo, ba jirgin ƙasa. Mutumin da ke dutsen Fensilbaniya bai taɓa ganin na Jojiya ba, kuma ba lallai ya taɓa gani ba har ya mutu. Amma an ce musu tun ranar 4 ga Yuli 1776 su ƙasa ɗaya ce. Yaya za a yi manomi ya ji wannan magana a jikinsa? Bikin nan yana cikin manyan amsoshin.

Tsarin ya samo asali ne daga birni. A 1777, shekara guda da ayyana 'yancin kai, aka yi shi a Filadalfiya: jiragen ruwa suka harba igwa 13, ɗaya ga kowane yanki cikin yankuna 13 da suka ɓalle daga Ingila, aka yi walima, aka ɗaga kofi, aka kunna fitilu da dare. Makaɗan da suka yi kiɗa a walimar ma sojojin haya ne Jamusawa da aka kama a yaƙin Tiranton. Daga nan al'adar ta bazu. Wani ƙaramin gari mai suna Biristol a jihar Rod Ailan yana yin nasa tun 1785 har yau.

A ƙauye kuwa, da asuba ake tashin mutane da ƙarar igwa. Inda babu igwa, maƙerin gari ne ke fitar da su kunya: a kifa uwar maƙera a ƙasa, a zuba albarushi a raminta, a ɗora wata a kai, a kunna. Ƙarar tana kaiwa gonakin nesa. Hantsi na yi, sai jerin gwano: dakarun sa-kai na yankin da ganga da sarewa, tsofaffin da suka yi yaƙin 'yanci a gaba, wani da sanda wani a keken doki, sai sauran jama'a. A nufi coci ko harabar kotu, ko inuwar wani kurmi kusa da maɓuɓɓugar ruwa. A buɗe da addu'a, wani mai murya ya karanta takardar ayyana 'yanci tun daga farko har ƙarshe, sannan mai jawabin ranar ya hau. Sau da yawa matashin lauya ne ko limamin coci, kuma samun wannan gayyata babbar dama ce ga mai son shiga siyasa.

Sai abinci. Ana kafa rumfa da rassan bishiya masu ganye, a jera dogayen katakai a matsayin tebur. A jihohin kudu, tun daren jajibiri ake haƙa dogon rami a cika shi da garwashi, a gitta sanduna, a shimfiɗa sa da tumaki da aladu, a kwana ana juyawa. Kowa ya ba da karo-karo ko ya sayi tikiti.

Yanzu ga tambayarka. Waɗannan jimloli 13 ba maganar da ta zo bakin mutum ba ce bayan ya ƙoshi. Kwanaki kafin bikin ake naɗa kwamiti, kamar dai naku, su zauna su rubuta, su yi gardama kan kowace kalma. Ranar biki a zaɓi shugaban walima ya zauna a kan tebur, mataimakinsa a ɗaya ƙarshen. Idan an gama ci an ɗauke mayafin tebur, shugaba ya miƙe ya karanta ta farko, kowa ya ɗaga kofinsa ya kurɓa, a waje a saki harbi, a yi shewa, makaɗa su ɗan taɓa wani take, sai a wuce ta biyu. Yawanci ta farko ta ranar ce kanta. Sai tsarin mulki, shugaban ƙasa, waɗanda suka mutu a fagen yaƙi, dakarun sa-kai, noma da fatauci da sana'ar hannu, har a zo ta ƙarshe, wadda galibi ta mata ce. Bayan rasuwar Joj Washinton, shugaban ƙasarsu na farko, a Disambar 1799, tasa ta zama daban: a tsaye ake shan ta, ba shewa, ba magana. Da jihohi suka ƙaru, wasu garuruwan suka riƙa ƙara yawan jimlolin su yi daidai da yawan jihohi, wasu kuma suka tsaya a 13 ɗin. In an gama na kwamiti sai a buɗe fage ga duk wanda ke da tasa, kuma da sunansa ake bugawa.

Dalilin bugawar shi ne zuciyar maganar. A 1792 majalisarsu ta yi dokar gidan waya da ta sauƙaƙa kuɗin aika jarida, ta kuma ba masu buga jaridu damar aika wa juna kofe kyauta. Saboda haka abin da manoma 60 suka amince da shi a ƙarƙashin rumfa a Kentaki, bayan 'yan makonni ana karanta shi a Boston, wata jaridar ta kwafa daga wata. 'Yan siyasa suna bin waɗannan shafuka layi-layi. Wa aka ambata? Wa aka tsallake? Shugaban ƙasa shewa 3 ya samu ko 9? An ambaci kujerar kawai an ƙi faɗin sunan wanda ke kanta? Duk saƙo ne. Ƙauyen da ba shi da wakili a babban birni, ta nan yake sanar da ƙasa matsayarsa a kan haraji, ko yaƙi, ko wata yarjejeniya da aka ƙulla da Ingila. Shi ya sa ni ba na kallon shafin da ƙaninka ya turo a matsayin labarin shagali. Takardar matsayar gari ce.

Kuma kada ka ɗauka kansu a haɗe yake. A shekarun 1790 ƙasar ta rabu gida biyu, 'yan Tarayya masu bin Jon Adams, shugaban ƙasarsu na biyu, da Hamilton, da 'yan Jamhuriya masu bin Tomas Jefasan. A garuruwa da dama sai aka koma walima biyu, rumfa biyu, mai jawabi biyu, a rana ɗaya. Mutanen Jefasan su ne suka fi nacewa a karanta takardar 'yanci, don gwaninsu ne ya rubuta ta. Ɗaya ɓangaren sun fi son a cika wurin da sunan Washinton. Duk wanda ya ji labarin zamanin NEPU da NPC a bakin iyayenmu a nan Kano, ko ya ga na santsi da taɓo da idonsa, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Ustazu Ɗan Fagge

Malam, Allah ya ƙara ilimi. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, abin da ke cikin kofin nan giya ce. Mutum ya kurɓa sau 13, a ƙara da na waɗanda suka kawo tasu bayan na kwamiti, wani lokaci 20 ko 30, ga bindiga da albarushi a gefe. Wane hankali ya rage? Ni ban ga abin koyi ba a nan. Muna da Hawan Sallah, muna da Hawan Daushe, muna da Takutaha. In taron jama'a ake nema ba mu rasa ba, Abban Khadija. Kuma ɗaga kofi ba ɗabi'armu ba ce, ko da zoɓo ne a ciki ni raina bai kwanta da shi ba.

Maman Ilham, Tarauni

Malam, ina wuni. Ni inda na tsaya shi ne da kuka ce ta ƙarshe ta mata ce. Su matan suna zaune a wurin ko kuwa? Don na san yadda walimar unguwa take, mu ne a bakin murhu tun asuba, in an zo jawabi sai a ce "muna godiya ga iyayenmu mata" a wuce. Sannan wannan naman da aka kwana ana juyawa a kudu, su wa suka kwana a kansa?

Malam Na-Mazugal

Ustazu, maganarka gaskiya ce, kuma ba kai kaɗai ka faɗe ta ba, su ma a cikinsu an faɗa. Abin da suke sha barasa ce ta masara ko hatsin rai, da giyar tuffa, da wadda ake yi da ruwan rake. Masana sun ƙiyasta cewa a wajen 1830 abin da baligi ɗaya ke sha a shekara ya kai kimanin lita 26 na tsantsar sinadarin maye. Jaridun kwanakin da ke bin bikin ba sa rasa labarin wanda igwa ta fashe ta cire masa hannu, sau da yawa don an yi ɗurin albarushi cikin maye ko gaggawa. A 1826 aka kafa babbar ƙungiyar yaƙi da shan giya a Boston, limaman coci da mata su ne ƙashin bayanta, kuma ranar 4 ga Yuli suka nufa kai tsaye. Suka fara shirya nasu bikin, tsari iri ɗaya, jerin gwano da jawabi da jimlolin kwamiti, amma ruwan sanyi ne a kofin ko ruwan lemun tsami da sukari. Suka riƙa fito da yaran makarantun coci ɗaruruwa suna maci da tutoci, ana kiransu rundunar ruwan sanyi. Kafin tsakiyar shekarun 1840 shan giya a ƙasar ya faɗi ƙasa da rabi. Kofin ya canza, jimlolin da buga su a jarida suka ci gaba. Wannan ya nuna maka ba giyar ce ke riƙe da al'adar ba.

Ni ma ba na cewa a ɗaga kofi a Gwammaja. Amma a kan hawa ina da ja. Hawan Sallah abin alfaharinmu ne, ba na fashin tsayawa kallonsa, kuma har yau gabana yana faɗuwa in 'yan bindiga suka saki wuta a Ƙofar Kudu. Sai dai a hawa talaka ɗan kallo ne. Yana jinjina, ana amsa masa, ya koma gida. A rumfar can kuwa manomi ne ya biya kuɗin naman, shi ya zaɓi wanda zai yi jawabi, shi ya rubuta abin da za a faɗa game da shugaban ƙasa, har ya rage masa shewa in bai gamsu ba. Wannan ɓangaren ne ba mu da shi a ranar 1 ga Oktoba, kuma shi nake jin kishinsa.

Hajiya Maman Ilham, lafiya lau, kin tambayi abin da ya kamata. A yawancin wurare mata suna zuwa sauraron jawabi, su ne ke ɗinka tutar dakarun sa-kai su miƙa ta a bainar jama'a, su ne ke toya gurasa da kayan zaƙi. Amma teburin ɗaga kofi na maza ne. Ko dai ba a gayyace su ba, ko su ci su tashi kafin a fara. Ana yabon kyawunsu da tarbiyyarsu a jimla ta 13 alhali ba sa wurin. Ƙuri'a ma ba su da ita, in ban da jihar Niyu Jazi da ta bar mata masu dukiya suna zaɓe, ita ma ta ƙwace a 1807. A wasu garuruwan mata sun shirya tasu walimar da nasu jimlolin, jarida ta buga. A Yulin 1848 kuma, da mata suka yi babban taronsu a Seneka Fols ta jihar Niyok, salon takardar 1776 ɗin nan da suka saba ji ana karantawa suka ɗauka suka rubuta tasu, suka sa mata a inda aka ce dukan maza daidai aka halicce su.

Masu kwana a bakin rami kuwa, a kudu bayi ne. A ƙidayar 1790 ɗin da na ambata, kusan mutum 700,000 bayi ne. Su haƙa ramin, su sare itacen, su yanka, su gasa, su tsaya a bayan kujeru suna cika kofuna, ana karanta cewa kowane mutum yana da haƙƙin rayuwa da 'yanci wanda ba mai ƙwace masa. Shi kansa Jefasan da ya rubuta kalmomin ya mallaki bayi fiye da 600 a tsawon rayuwarsa. Wannan abin yana ci mini rai duk lokacin da na karanta shi. A arewa ma, baƙaƙen da ba bayi ba ne sau da yawa korarsu ake yi daga filin biki. Da jihar Niyok ta kammala 'yanta bayinta ranar 4 ga Yuli 1827, baƙaƙen birnin da yawa sai washegari suka yi nasu jerin gwanon, don gudun farmakin mashaya. Ranar 5 ga Yuli ɗin ce kuma Firedirik Doglas, wanda shi ma ya gudo ne daga bauta, ya tsaya a Rocesta a 1852 ya tambayi masu sauraronsa ko mece ce ranar 4 ga Yuli a wurin bawa. 'Yan asalin ƙasar, waɗanda ake cinye filayensu a daidai wannan lokacin, ba ma a maganarsu, sai dai a ambace su a matsayin abokan gaba.

Akwai tilas ma a ciki. Tun bikin farko na 1777, mabiya ɗariƙar Kweka na Filadalfiya, waɗanda addininsu ya hana su yaƙi, sun ƙi kunna kyandir a tagoginsu, matasa suka bi dare suka farfasa musu gilasai.

Bari in ba ku biyu da suka shahara, don ku ga nauyin da jimla ɗaya ke iya ɗauka. A ƙarshen Yunin 1826, mutanen garin Kwinsi suka je wurin Jon Adams, yana da shekara 90, ba ya iya fita, suka roƙe shi ya ba su kalmar da za a karanta da sunansa a bikin cika shekara 50. Ya ce: "'Yanci har abada." Suka tambaye shi ko zai ƙara wani abu, ya ce ko kalma ɗaya. Ranar bikin, 4 ga Yuli 1826, ya rasu, kuma a ranar Jefasan ma ya rasu a gidansa da ke Bajiniya.

Ta biyun ba a ƙauye aka yi ta ba, a birnin Washinton ne, a walimar tunawa da ranar haihuwar Jefasan, 13 ga Afrilu 1830. Ana rikici kan kuɗin fito, 'yan Karolina ta Kudu suna cewa jiha tana da ikon yin watsi da dokar tarayya. Shugaba Andiru Jaksan ya miƙe ya ce: "Tarayyarmu, dole a kiyaye ta." Mataimakinsa Jon Kalhun, wanda shi ne uban tafiyar masu wancan ra'ayi, ya mayar masa: "Tarayya, bayan 'yancinmu ita ce mafi soyuwa." Kowa a ɗakin ya gane an raba gari. A bukukuwan 4 ga Yuli na shekarun da suka biyo baya, ƙauyuka suka riƙa nuna ɓangaren da suke ta hanyar jimlolinsu.

Abban Khadija, Gwammaja

Malam, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Ustazu, ka kwantar da hankalinka, ba kofin da za a ɗaga. Ga abin da zan kai wa kwamiti ranar Asabar: mu roƙi filin makarantar firamare, mu kafa rumfa, a buɗe da addu'a, mu gayyato dattawan da suka ga 1960 da idonsu su zauna a gaba, ɗaya daga cikinsu ya ba yara labari. Sannan a karanta matsayar unguwa, gajerun jimloli, a kan ruwan famfo, da magudanar da ke cika mana gidaje duk damina, da yaran da ba sa zuwa makaranta, da addu'a ga waɗanda suka rasu. Duk wadda aka karanta jama'a su amsa. Daga baya mu kai takardar gidan rediyo, mu sa a Facebook.

Maman Ilham, in za ki yarda, ki turo mana mata biyu daga ƙungiyarku su ba matan unguwarmu shawara, don ina so su shiga kwamitin rubutun tun daga zaman farko.

Malam Na-Mazugal

Madalla. Abu biyu zan ƙara. Ka tabbata a kwamitin rubutun akwai mai jar hula akwai wanda ba ya sa ta, in ba haka ba kafin Azahar za a ce taron jam'iyya kuka yi, shekara mai zuwa kuma ku wayi gari da rumfa biyu. Kuma kada ku karɓi kuɗin shinkafa daga hannun ɗan takara ko kansila, ko da ya matsa. Ku yi karo-karo, ko ɗari biyar-biyar ce, don wanda ya sayi naman shi zai so ya duba takardar kafin a karanta. In kun tsayar da lokacin zaman, ka sanar da ni a nan, zan zo da biro da takarda in sha Allah.